Ga Wanda Ya Yi Odar Banjo Ƙirar Hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Banjon da na yi oda, wato abin kiɗan nan mai tsirkiya, ya iso nan Jos makon jiya. Na jima ina shafa wuyansa, sumul kamar an shafe shi da man shanu, ga fatar akuya an ɗaure ta tamau har ana ganin 'yan ragowar gashi a gefe. Wanda ya san gurmi ko molo zai gane dangi ne, don asalin banjo daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma yake, bayi suka kai shi Amurka.

In naka ya zo, kada ka yi gaggawar ɗaure tsirkiyoyin nan 5. Jakin da suke hawa, wato ɗan katakon da ke tokare su a kan fata, ba a manne yake ba, yakan goce a hanya. Auna daga saman wuya inda tsirkiya ta fara zuwa na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyan, sannan ka ajiye jakin a kan fata, daidai wannan tazarar daga wannan ƙarfen. Sai murya ta zauna.

Hunturun Jos kuma ba ya wasa da fata, yana busar da ita har ta tsage. Ni a akwatinsa nake ajiye nawa, da ɗan jiƙaƙƙen soso cikin leda mai huji, nesa da taga.