Kurakuran da muke yi wurin rage wa yara zaƙi da Sallah

Ni kaina sai da na faɗa wanga tarko a Sallar bara. Na ce babu lemon kwalba a gidana, zoɓo za a yi. Na tsaya a kan yarinyar da ke haɗa shi sai ga ta ta juye kofi biyu na sukari cikin bokiti ɗaya, ta ƙara filebo a kai. To mi aka yi kenan? An dai canza kala ne kawai. Kwalbar Coke ta 35cl tana da sukari wajen cokalin shayi 9, ita kuwa hukumar lafiya ta duniya tun 2015 ta ce abin da ya fi kyau shi ne kada a wuce kamar cokali 6 a wuni, kuma wannan lissafin na babba ne ma ba yaro ba. Gyaran zoɓo mai sauƙi ne, a dafa shi da ɓawon abarba da citta da kanumfari, a markaɗa abarbar ko kankana a zuba, sukarin a rage rabi. In ya yi sanyi sosai cikin zafin Sakkwato wallahi ba su ma lura.

Sai lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace. Hoton nan yana ruɗin iyaye ƙwarai, ki juya bayan kwalin ki karanta, yawanci ruwa da sukari ne a gaba. Gara ki yanka masu kankana ko gwanda ko mangwaro su ci da hannu, daga Kasuwar Daji ba wani tsada ba ne in lokacinsu ne.

Zuma kuma ana ɗauka tunda magani ce babu laifi. Sukari ce ita ma, kuma jaririn da bai kai shekara 1 ba ba a ba shi ita ko kaɗan saboda wata ƙwayar cuta da cikinshi bai iya ɗauka. Dabino ma uku zuwa huɗu ya isa, yana maƙalewa a haƙori.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne a saki ɗiya yawon Sallah ba su ci komi ba. An sauko daga Fakon Idi, an sa sabbin kaya, kowa ya fice da yunwa, duk barka da Sallar da suka samu tana ƙarewa a shagon minti da cingam, daga safe har magariba baki bai huta ba, kuma wannan tsotson na wuni guda shi ke cin haƙori fiye da a ci alkaki ɗaya bayan abinci a gama. Ki cika masu ciki da masa ko hura da nono kafin su fita, ki sa masu gyaɗa da aya da goruba a leda. Amma banda ƙananan nan 'yan ƙasa da shekara 5, gyaɗa guda tana iya shaƙe su.

Hanawa gaba ɗaya ma ba ta aiki, gidan kaka za su je Hajiya ta ba su nakiya cike da hannu, kuma wa zai ce mata a'a? Ni dai abin da nike yi, duk alewar da suka dawo da ita a tara ta cikin gwangwani, ɗaya bayan abincin rana, da dare kuma ko barci ya kwashe su sai na tashe su sun yi buroshi.