Yadda Ake Rubuta Gwajin Fayil Don Sashen Samar da Lambar Na'ura a LLVM

A cikin kwamfaila (compiler, manhajar da ke fassara shirin da mutum ya rubuta), sashen ƙarshe shi ne mai juya shiri zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Kuskure a nan ba ya ihu. Shirin zai gudana, sai dai ya yi nawa, ko ya ba da amsar da ba ita ba. LLVM, tarin kayan gina kwamfaila wanda Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a shekarar 2000, yana tsaron wannan sashe da dubban ƙananan fayiloli, kowanne ɗauke da abin da za a gwada, da umarnin gudanarwa, da amsar da ake jira, duka a wuri guda.

Mataki na farko, zaɓi abu ɗaya tak. Mu ɗauki ninkawa da 16. Kwamfaila mai hankali ba zai yi amfani da imul, umarnin ninkawa, ba, zai gusa lambar hagu da gurbi 4 da umarnin shll, don ya fi sauƙi ga na'ura. Buɗe fayil mai suna ninka16.ll a cikin llvm/test/CodeGen/X86, ka rubuta:

; RUN: llc < %s -mtriple=x86_64-unknown-linux-gnu | FileCheck %s

define i32 @ninka16(i32 %x) {
; CHECK-LABEL: ninka16:
; CHECK-NOT: imul
; CHECK: shll $4
; CHECK: retq
  %r = mul i32 %x, 16
  ret i32 %r
}

Layin RUN shi ne abin da lit, mai gudanar da gwaje-gwajen, zai aiwatar; yana sauya %s da sunan fayil ɗin kansa. llc ya fitar da umarnin na'ura, FileCheck ya karɓa ya gwada shi da layukan CHECK na cikin wannan fayil ɗin dai. Kada ka manta da -mtriple, mai faɗin irin na'urar da ake nufi. In babu shi, llc zai bi tsarin kwamfutar da ake kai, gwajin ya wuce a wajenka, ya faɗi a wajen abokin aikinka mai na'urar ARM, ku kwana kuna zargin juna.

Na biyu, layukan dubawa, kuma a nan ake gane gwani. CHECK-LABEL yana yanka sakamakon gida-gida, don kada umarnin wani aiki ya amsa tambayar wani. CHECK-NOT yana da dabi'ar da ke kama sababbi: yana duba tazarar da ke tsakanin abin da aka samu kafinsa da wanda ke bayansa ne kawai. A misalinmu, da imul zai ɓullo bayan shll, ba wanda zai gan shi, sai ka ƙara wani CHECK-NOT kafin retq. Akwai CHECK-NEXT, mai tilasta layi ya biyo nan take, da CHECK-DAG, mai barin jeri ya sauya. Ka lura ban rubuta sunan rejista ba, wato ƙaramar ma'ajiyar lamba da ke cikin na'ura, irin su %eax. Da gangan ne. Gobe wani ya gyara rabon rejista, %eax ya koma wani abu, ba dalilin da zai sa gwajin ninkawa ya faɗi. In lallai kana son rejistar ta zama ɗaya a layi biyu, kama ta da [[R:%[a-z]+]] sannan ka kira ta da [[R]].

Na uku, gudanarwa. Daga kundin ginin:

bin/llvm-lit -v ../llvm/test/CodeGen/X86/ninka16.ll

In ya faɗi, -v zai nuna layin da bai samu ba da inda ya fara nema. Don gwada dukkan na X86, ninja check-llvm-codegen-x86.

Na huɗu, wanda mutane ke tsallakewa: karya gwajin da hannunka. Mayar da 16 zuwa wata lamba babba da ba ta gusuwa, ko ka cire gyaran da ka yi wa kwamfailan, ka sake gudanarwa. Dole ya faɗi. In ya wuce, ba abin da yake dubawa, wataƙila ma ka yi kuskuren harafi a kalmar CHECK, layin ya zama tsokaci kawai.

Akwai llvm/utils/update_llc_test_checks.py, mai rubuta layukan da kansa daga abin da llc ya fitar. Yana rage wahala sosai a manyan fayiloli, amma duk abin da ya gani shi yake ɗauka daidai, har da kuskurenka. Karanta layukan da ya sauya ɗaya bayan ɗaya kafin ka tura gyaran.