Ku bi ta kogi idan za ku Babbar Fada a Bankok

'Yan'uwa, idan kuna son ganin Babbar Fadar Sarki da ke Bankok, babban birnin Thailand, kada ku ɗauki tasi. Ku hau jirgin ƙasa na BTS zuwa tashar Saphan Taksin, ku sauka gaɓar kogin Chao Phraya, ku shiga jirgin ruwa mai tuta ruwan lemo, ku sauka a tashar Tha Chang da ke kusa da fadar. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma cunkoson motocin da ya cinye mini rabin yini a ranar farko bai shafi kogi ba. Za ku ga hasumiyar wurin ibada na Wat Arun daga cikin jirgin. Sai dai da safe da yamma yakan cika maƙil da ma'aikata, kuma ba ya aiki cikin dare.