Bayan gudun kilomita 42: yadda za ka dawo Maraɗi da ƙafafunka

Ranar da na gama gudun fanfalaki na Marakesh, ƙasar Maroko, a ƙarshen watan Janairu, aka rataya mini lambar ƙarfe a wuya, na ɗauka wahala ta ƙare a kilomita 42 da mita 195. Ashe da saura. Washegari da asuba na shiga ban-ɗaki na kasa tsugunnawa, sai da na riƙe famfo hannu bibbiyu na sauka a hankali kamar tsoho. Duk ɗan garinmu da zai fita waje gudu, ga abin da jikina ya koya mini.

Kana tsallake layi kada ka zube ƙasa. Yi ta takawa kamar minti 15, ka cire rigar da ta jiƙe ka sa mai kauri, don sanyin Maroko na Janairu ya san mai gumi. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi, ba ɗaga gora gaba ɗaya ba. Tun daga gida ka sayi garin SRO a farmasi, wanda ake dama wa yara in suna zawo. Gishirin da ya fita ta gumi shi ne zai mayar maka. Ka dinga duba fitsarinka. In ya yi duhu kamar shayin da aka dafa sau ɗaya, kuma ka sha ruwa bai washe ba, asibiti za ka nufa a ranar, domin naman jiki da ya farfashe yana iya taɓa ƙoda. Saboda ƙodar ne ma nake cewa ka bar ibuprofen da diclofenac a jaka muddin jikinka a bushe yake. Paracetamol ya isa.

Babban kuskurena hanya ce. Don in rage kuɗin masauki na yanki tikitin dawowa washegarin gudu: jirgin ƙasa kusan awa 3 zuwa Kazabalanka, jirgin sama zuwa Yamai, daga nan na faɗa kar ta Maraɗi, wajen kilomita 660, gwiwa a naɗe. Kafin Doso takalmi ya fara matse ni. A Dogon Dutsi na cire shi. Da muka tsaya Ƙonni na duba, idon sawu ya ɓace cikin kumburi, na danna da yatsa ramin ya ƙi tasowa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya leƙa ya ce, "Yaro, kunama ce?" Na ce, "A'a Baba, gudu na yi." Ya dube ni ya girgiza kai, bai ƙara magana ba har muka iso.

Don haka ka ƙara kwana ɗaya a garin da ka yi gudu, in da hali ka sake kwana a Yamai. Ciwon cinya ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, daidai lokacin da ni nake ƙunshe cikin mota. Ka nemi kujerar bakin hanya, ka sa silifa, kana motsa sawu sama da ƙasa. Duk inda direba ya tsaya salla ko cin abinci ka sauka ka taka, ko da matakalar motar za ta sa ka cije leɓe. (Saukowa da baya-baya ta fi sauƙi, bar su su yi dariya.) Kumburin ƙafa biyu yana sacewa in ka kwanta ka ɗora su kan matashi. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura, sha-raɓa na zafi da ciwo, ko numfashi ya fara yi maka wuya, kada kowa ya matsa maka ita. Jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya, aikin likita ne.

A gida abinci ba matsala. Fura da nono, tuwo da miyar kuka, kopto da ƙuli-ƙuli, ƙwai, ɗan tsire da yamma. Ka ci ka ƙoshi, ka yi barci da wuri. Kwana biyu na yi ina salla a zaune saboda zaman tahiya ya gagara. Farcen da ya yi baƙi ka ƙyale shi, zai faɗi da kansa, sabo na tafe a ƙarƙashi. Bororon ƙafa ka wanke da sabulu ka rufe, ƙurar hunturu ba ta barin miki. In zazzaɓi ya zo kada ka ce gajiya ce, je a yi maka gwajin cizon sauro.

Sai maganar ƴan fada. Kwana biyar da dawowata suka ce wanda ya yi gudu a Maroko ai ba zai ƙi ƙwallon yamma ba. Kunya ta sa na shiga, cikin minti goma naman bayan cinya ya ɗaure, na yi wata guda ina ɗingishi. Mako na farko tafiya kawai, rabin awa bayan asuba. Na biyu sassarfa, kilomita 4 ko 5 a kan rairayi wajen gulbi, ba kwalta ba. Gudu mai ƙarfi sai an yi mako uku ko huɗu.

Akwai kuma wani sanyin jiki da ba a faɗa maka. Wata huɗu kana tashi da niyya, kana bin hanyar Ɗan Isa cikin duhu, yanzu ka farka babu abin da ake jira. Ni abin da ya raba ni da shi littafi ne. Kafin in manta na zauna na rubuta inda ƙafa ta mutu, kilomita ta 33. Abin da na ci daren gudu. Safar da ta ci mini ɗan yatsa. Kuɗin da suka tafi a banza. Kada ka yi rajistar wani gudu cikin wannan mako, ko don zafin rai ko don daɗi.

Lambar kuwa Inna na kai wa. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce, "Ɗan nan, duk wannan gudu, wa ya biyo ka?" Yanzu tana rataye a ƙusar ɗakinta, tare da carbi.