Yadda ake horar da 'yan kwana-kwana su ceto wanda zuciyarsa ta tsaya

Tun 1970 birnin Seattle na Amurka ya fara horar da 'yan kwana-kwana wannan aiki a ƙarƙashin shirin Medic One, wanda Dokta Leonard Cobb ya kafa tare da shugaban kashe gobara na birnin, Gordon Vickery. Motar kwana-kwana kan riga motar asibiti isa wurin, kuma duk mintin da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari.

Kada a ɓata yini a gaban allo. A shimfiɗa mutum-mutumin gwaji a ƙasa, ba kan tebur ba, kowa ya durƙusa da kayan aikinsa a jiki. Lambobin kaɗan ne: danna 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, bayan danna 30 a hura iska sau 2. A nanata musu cewa kakarin da mutum ke yi, baki buɗe, jefi-jefi, ba numfashi ba ne. Sababbi kan ce "ai yana numfashi" su tsaya kallo. In bai amsa ba kuma yana kakari, a hau danna.

Matsalar 'yan kwana-kwana ba ƙarfi ba ce, suna da shi har ya yi yawa. Tsayawa ce. Saboda haka mai horarwa ya riƙe agogo, ya ƙirga daƙiƙun da hannu ya bar ƙirji kawai, ya faɗa musu a ƙarshen zagaye. Tsayawar da ta wuce daƙiƙa 10 faɗuwa ce, a sake daga farko. Jini da aka sha wuya aka tura zuwa ƙwaƙwalwa yana tsayawa nan take, kuma sai an yi danna da yawa kafin ya sake tafiya.

A raba aiki kafin a sauko daga mota: mai danna, mai jakar hura iska a wajen kai, mai na'urar AED (wadda ke duba bugun zuciya ta ba ta wutar lantarki in akwai buƙata). Na huɗu ya durƙusa a ɗaya gefen, hannayensa a haɗe, yana jira. Ana canji duk minti 2, daidai lokacin da na'ura ta ce a janye tana duba zuciya. Wanda ya ce "ban gaji ba" ma a ɗaga shi. Zurfi na raguwa mutum bai sani ba. Bayan na'ura ta ba da wuta kuwa, a nan ake yawan faɗuwa: kowa ya zuba wa fuska ido, wani ya kama laluben jijiyar wuya. A'a. Hannu ya koma ƙirji nan da nan, minti 2 cif.

A lura da masu jingina nauyinsu kan ƙirji ba su bari ya taso. Zuciyar da ba ta cika ba, babu abin da za ta tura. In haƙarƙari ya yi ƙas, a ci gaba.

Mutum-mutumi mai haɗe da kwamfuta yana da tsada. Mai yin ƙara in an kai zurfi ya wadatar, a kunna manhajar ƙirga bugu a waya a kan 110.

Faifan AED da ake mannawa a jiki: ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata. A goge ruwa da gumi tukuna, a kawar da iskar oksijin kafin wuta. Mai jaka ya matsa daƙiƙa ɗaya, ƙirji ya ɗaga, shi ke nan. Yawan hurawa na cika ciki da iska ya jawo amai.

A gwada kuma da abokin aiki da ya faɗi da silindar iska a bayansa, yadda za a zare masa kaya ana danna. Atisayen minti 20 duk wata uku ya fi kwas na shekara-shekara.