Zaɓen Hinji da Shafe wa Akwatin Ajiya na Katako

1. Fara da auna kaurin katakon. Idan ya kai milimita 12, ƙananan hinji biyu sun isa. Murfi mai tsawo ko nauyi kuwa, sa masa dogon hinji guda daga gefe zuwa gefe.

2. Nemi na tagulla. Na baƙin ƙarfe ya fi araha, amma laimar damina kan sa shi tsatsa, tsatsar kuma ta ɓata takardu da zannuwan da ke ciki.

3. Sassaƙe gurbin hinjin daidai kaurinsa, don murfi ya zauna ba giɓi. Huda ƙaramin rami kafin ka ɗaura sukuru, musamman a katako mai tauri irin maɗobiya ko maɗaci. Sukurun tagulla laushi gare shi, da ka matsa sai ya karye a ciki.

4. Gwada buɗewa da rufewa, sannan ka kwance hinjin. Kada ka yi shafe yana jiki.

5. Goge da sanfefa mai lamba 120, ka bi da 220, kana bin layin katakon.

6. Ni dai na fi son man linsid, wato man shafa wa katako da ake tatsowa daga ƙwayar wani tsiro, a bi shi da kakin zuma, domin yana fito da ainihin launin icen, abin sha'awa. Shafa kaɗan, share ragowar, bari ya bushe sosai kafin ka ƙara. Tsumman man kuwa shanya shi a buɗe, don in an dunƙule shi yana iya kamawa da wuta.

7. Bar cikin akwatin ba mai, don warinsa kan kama tufafi. Mayar da hinjin.