Kurakuran da Ƙungiyoyin Ɗalibai Masu Son Aikin Adana Takardun Tarihi Suka Fi Yi, da Yadda Za a Gyara

Wata Asabar a ƙarshen damina, mu tara daga ƙungiyarmu ta ɗalibai muka yi sallama a zauren wani dattijon malami a cikin gari. Bayan gaisuwa ya sa jikansa ya fito da wani akwatin ƙarfe. A ciki akwai gafaka biyu, da littattafai cikin tadarishi an ɗaure su da igiyar fata, da warƙoƙi masu yawa da babu ɗinki. Malam ya shiga gida ya ɗan jima, mu kuwa ɗoki ya hana mu jira. Muka ware manyan warƙoƙi gefe, ƙanana gefe, na Larabci nan, na ajami can, wasiƙu kuma muka zare su daga cikin littattafai muka tara wuri guda.

Da ya fito ya tsaya ya dubi tabarmar. Ya ce, "Yara, wa ya ce ku raba su? Wasiƙar nan a cikin littafin can mahaifina ya bar ta, tun rasuwarsa ban cire ta ba."

Shugabanmu ya ce, "Allah gafarta Malam, gyara muka yi niyya."

Ya ce, "Na sani." Bai ƙara ba. Sai da muka kwashe Asabar uku muna mayar da abin da muka wargaza a cikin sa'a guda, kuma akwai warƙoƙin da har yau ba a san daga wane littafi suka fito ba.

Wannan shi ne uban kurakurai, shi ya sa na fara da shi kuma zan daɗe a kansa. Yawancin 'yan irin wannan ƙungiya daga sashen nazarin laburare suke fitowa, ko sashen tarihi, ko na Larabci, kuma kan ɗalibin laburare ya saba da jera littattafai bisa fanni: fiƙihu nan, nahawu can. Takardun tarihi ba haka ake yi musu ba. Ƙa'ida ta farko ita ce takardun da suka fito daga hannun mutum ɗaya, ko gida ɗaya, ko ofis ɗaya, ba a gauraya su da na wani, ko da magana ɗaya suke yi. Tun 1841 aka kafa wannan ƙa'ida a taskokin gwamnatin Faransa. Ta biyu ita ce a bar su a jerin da mai su ya bari, domin jerin ma shaida ne. Wanda ya taɓa zama a Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ya ga haka da idonsa: fayilolin sakatariyar lardunan Arewa suna ƙarƙashin SNP, na lardin Kano KanoProf, na Sakkwato SokProf, na Zariya ZarProf. Ba a tattaro duk takardar da ta ambaci haraji an haɗa ta wuri guda ba, an bar kowace a ofishin da ya haife ta.

Gyaran mai sauƙi ne, haƙuri kawai yake so. Kafin hannu ya taɓa komai, a ɗauki hoton akwatin yadda aka buɗe shi. A fito da ƙunshi ɗaya-ɗaya, a ba kowane lamba a kan guntun takarda da za a ɗora masa, a rubuta a littafin aiki abin da ke samansa da abin da ke ƙarƙashinsa. Abin da aka tarar a tsakiyar littafi, wasiƙa ce ko rasidi ko laya, a bar shi nan a rubuta wurin da yake. Idan kuma warƙoƙi sun riga sun hargitse, tsofaffin marubutanmu sun bar mana jagora. Tunda ba su ɗinke littafi, sukan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan bayan warƙar da ta gabace ta. Da ita ake bin sawu. Ɗalibin da bai san da wannan ba, kada a ba shi littafin hannu shi kaɗai.

Hannu mai son gyara

Kuskure na gaba ma daga kyakkyawar niyya yake fitowa. An ga takarda ta yage, sai a ɗauko salatif. Bayan 'yan shekaru ledar ta bushe ta faɗi, gam ɗin kuma ya riga ya nutse cikin takardar ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Wanda ya fi wannan muni shi ne kai takarda shagon kwamfuta a narka mata leda da zafi, abin da muke cewa lamineshon. Na ga an yi wa takardar naɗin sarauta haka, masu ita suna murna wai an tsare ta. Zafi ya taɓa ta, gam ya kama tawadar, kuma babu hanya mai sauƙi ta ciro ta ba tare da ta lalace ba. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce kada ka yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba. Yagaggiyar warƙa a sa ta cikin farar takarda mai tsabta da aka naɗe biyu, a kwantar da ita, a bar ɗinkinta ga wanda ya koyi aikin.

Haka biro. Ba a shiga da shi wurin aiki, fensir kawai. Ƙarfen maƙala takarda da kilif suna tsatsa su ci gefen fayil, robar ɗaure kuɗi kuma tana narkewa ta manne. A cire su a hankali idan sun yarda, a ɗaure da zaren auduga mai faɗi. Farar safar hannu da ake gani a talabijin ba dole ba ce ga takarda, tana ma rage jin yatsa har a yaga gefe. Hannu wankakke busasshe, marar mai, ya fi. Hotuna ne ke buƙatar safa, saboda zanen yatsa yana zama a fuskarsu.

Sai batun ruwa, kuma a nan ina roƙon 'yan'uwa su kula sosai. Cikin tawadar da malamanmu suka yi rubutu da ita akwai ta gawayi da ƙaro, irin wadda ake wankewa daga allo. Tsumma mai ɗan danshi ya isa ya shafe layin da ya shekara 100. Don haka ba a goge ƙura da jiƙaƙƙen abu, ba a lasar yatsa a buɗe shafi, ba a ajiye ledar ruwa a kan tabarmar aiki. Idan an tarar da fumfuna, a sa takunkumi domin tana cutar da huhu, a ware abin da ya kamu daga sauran, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa har ya bushe, sannan a kakkaɓe da burushi mai laushi a waje. Shanyawa a rana tana ƙona takarda ta sa ta ƙarmashewa, musamman takardar jarida. Duk wanda ya riƙe tsohon bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya san yadda gefenta ke marmashewa a hannu. Fesa fiya-fiya ko kananzir don gara ma kuskure ne, yana ɓata takarda yana cutar da mai buɗe ta gobe. Abin da ke aiki shi ne a ɗaga akwatuna daga ƙasa a kan kanta, a janye su daga jikin bango, a hana cin abinci a ɗakin, a riƙa dubawa kowane wata, musamman daga Yuli zuwa Satumba lokacin da danshi ya fi yawa. Fumfuna tana samun gindin zama idan danshin iska ya haura kashi 65 cikin 100 ya daɗe a haka.

Hoto a waya ba adanawa ba ne

Yanzu kowace ƙungiya tana da shirin mayar da takardu cikin kwamfuta, kuma abu ne mai kyau. Amma ga yadda aka saba yi: mutum biyar, waya biyar, kowa ya ɗauka yadda ya ga dama, da manhajar da ke yanke gefe tana faranta takarda, a tura a zauren WhatsApp wanda ke matse hoton ya rage ingancinsa. Bayan wata shida akwai hoto 2,000 masu suna iri ɗaya, ba wanda ya san na wane gida ne.

Gefen da manhaja ke yankewa sau da yawa shi ne mafi daraja. A nan almajiri ya rubuta fassarar kalma da Hausa ko Fulfulde, a nan mai littafi ya rubuta ranar haihuwar ɗansa ko shekarar wata yunwa. Launin takardar da tabonta ma bayani ne. Idan aka ɗaga wasu tsofaffin warƙoƙi a haske za a ga alamar jinjirin wata uku a jikinsu, irin takardar da ake sarrafawa a arewacin Italiya fatake su ratso da ita Sahara, kuma wannan yana taimaka wa mai bincike ya kintaci zamaninta. Saboda haka a ɗauki shafi gaba ɗayansa har a ga bayan gefensa, ciki da baya, har shafin da babu rubutu, har tadarishin. A kafe waya ko kyamara a kan abin da ba ya motsi, a kashe walƙiyarta, a ajiye rula a gefe don a san girma. A yarda da tsarin suna guda kafin a fara: lambar gida, lambar ƙunshi, lambar warƙa. Asalin hoton a ajiye shi ba a taɓa ba, wanda za a raba wa jama'a a kwafa daban. Kwafi uku ake yi, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Filashi ɗaya a aljihun sakatare ba ajiya ba ce.

Hoto kuma ba ya magana sai an rubuta masa bayani. Wane ne mai takardun, daga wa ya gada, wane harshe, wane irin rubutu, warƙa nawa, me aka rubuta a ƙarshe inda marubuci kan ambaci sunansa da ranar gamawa. Abin da ba a tabbatar ba kada a cika shi da zato. Sau da yawa ɗalibi yakan ga sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko Nana Asma'u a kan littafi ya shelanta cewa an samo rubutun hannunsu, alhali kwafi ne da wani almajiri ya yi bayan shekaru da dama. Mawallafi daban, mai kwafa daban, kowa da gurbinsa a takardar bayani.

Amanar masu takardu

Gidajen malamai da na sarauta da yawa sun rufe akwatunansu ne saboda wani ya taɓa aro bai dawo da shi ba. Kada ƙungiyar ɗalibai ta ƙara wa wannan rauni gishiri. Shawarata kada a fita da asalin takarda daga gidan mai ita sam, a je da kayan aiki a yi a zaurensa, a gabansa. A rubuta yarjejeniya gajera da Hausa, a karanta masa, ta faɗi abin da za a ɗauka da wanda zai gani da inda za a ajiye, a kuma ba shi kwafinsa. Idan ya ce wannan ƙunshi na asiri ne ko na rabon gado, ba na idon jama'a ba, maganarsa ita ce ƙarshe. Takardun fili, na aure, na shari'a, na asibiti, suna ɗauke da sunayen mutanen da 'ya'yansu da jikokinsu ke raye, kuma ɗora su a Facebook yana iya tayar da rigimar da ta kwanta. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ko babu doka kunya da amana sun isa su hana. Haka idan hirar baka aka je ɗauka wurin dattijo: a fara naɗar da sunansa da wuri da kwanan wata da yardarsa da bakinsa.

Ziyarar gani da ido zuwa taskokin tarihi ba ta buƙatar dogon bayani. A daina zuwa Gidan Arewa a Kaduna, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen littattafan hannu na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, don a tsaya a ƙofa a yi hoto a koma mota. A rubuta musu tun da wuri, kowane ɗalibi ya tafi da tambaya ɗaya, ya nemi kundin bayani ya cike takardar neman fayil da hannunsa. Ranar 9 ga Yuni kuma, ranar taskokin tarihi ta duniya, idan za a yi baje koli a harabar makaranta, kwafi ake kafewa a allo. Asali ba ya fita rana, ba ya shan ƙusa.

Akwai abin da ya fi ba ni takaici. Ƙungiyar da ke yawon ceto takardun mutane, ka tambaye ta tsarin mulkinta na farko, ko rahoton taronta na shekara uku da suka wuce, babu. Shugabannin sun gama makaranta sun tafi bautar ƙasa da komai a wayoyinsu, har da kalmar sirrin imel. Sababbi su zo su koma gidan da aka riga aka yi wa aiki, su sake sa dattijo ya kwance gafakarsa. A fara koyon aikin da takardun ƙungiya kanta: rahoton taro, wasiƙu, takardun kuɗi, hotuna da sunayen waɗanda ke ciki. A naɗa ma'aji na takardu wanda ke aji biyu ko uku, ba ɗan ajin ƙarshe ba. A buɗe imel da sunan ƙungiya, malamin da ke kula da ita ya san kalmar sirrin. Ranar miƙa ragama a miƙa akwati da jerin abin da ke ciki, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu, kwafi ɗaya kuma a kai laburaren jami'a a karɓi shaidar an ajiye.